Gayyar Mutum Ɗari Uku da Sittin

A daminar 1955, ana saura mako biyu a shiga huɗa, Turai matar Ɗantani ta yi yaji a kan kaji biyar waɗanda ba a taɓa ƙyanƙyashe su ba.

A ranin shekarar ne aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a Yako, a gindin durumin ƙofar mai unguwa. Wani Malam Abdussalami ke zuwa daga Bebeji a kan keke, Litinin da Alhamis, yana koya wa magidanta karatun boko da lissafi. Ɗantani ya zauna a ajin nan sau goma sha ɗaya. Da aka yi tarawa, ya ce wannan ko tsohuwa mai daddawa ta iya. Da aka yi ɗebewa, ya ce lissafin asara ne, ba ya so. Ranar da aka kai ga sau, ya ga malam ya ɗauki shida da bakwai, 'yan ƙananan abubuwa biyu, ya gwara su a kan allo, sai ga arba'in da biyu. Ɗantani ya daɗe baki buɗe. Cikin kwana takwas ya haddace jadawalin kaf, don kansa ba laifi wajen hadda, daga nan kuma ya daina zuwa aji. Ya ce ya kwashe garin, saura tsaki. Ya samo guntun fensir ya soke a gefen hula, ya hana kowa kiransa Ɗantani sai an sa Malam a gaba.

Wata safiya yana alwala a tsakar gida, Turai na watsa wa kajinta hatsi, ya ɗaga kai ya ƙirga.

"Kaza huɗu, zabi uku. Huɗu sau uku goma sha biyu. Turai, ina sauran biyar?"

"Sauran me?"

"Kaji. Bakwai nake gani."

"Ai bakwai ne tun bara. Ni ke ba su tsaki."

"Bakwai ne a ido. A lissafi goma sha biyu ne."

"To, sai ka shiga lissafin ka kamo su."

Ya leƙa akurki, ya leƙa ƙarƙashin gadonta, ya buɗe tukwanen jerenta ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan ta haƙura. Amma da ta ji ya tambayi maƙwabta ta kan danga ko sun ga Turai na aika kaji kasuwa a ɓoye, sai ta ƙulle zannuwanta, ta zuba kaza huɗu da zabi uku a kwando, ta aza a ka, ta kama hanyar gidan ubanta.

A al'ada dattijo ake turawa biko. Ɗantani ya ce babu dattijon da zai iya bayanin lissafin, don haka ya tafi da kansa. Gidan surukinsa, Baba Inuwa, yana wani ɗan ƙauye a kan hanyar Dangora. Tsohon manomi ne mai ƙarancin magana, kuma a shekarar yana cikin damuwa: ɗansa Mamman ya tafi haƙar kuza, ya bar shi da ƙatuwar gonar dawa a bakin rafi, ba mai huɗe ta. Ɗantani ya tuɓe takalma tun daga bakin zaure, ya durƙusa, ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya cire fensir daga hula zai fara bayani.

"Mayar da shi," in ji Baba Inuwa. "Na ji labarin kajin. Ba zan ce komai a kai ba, don in na fara ba zan gama ba. Ga abin da nake so. Ran Asabar ta sama ka kawo mini gayya a huɗe gonar bakin rafi. Abinci daga rumbunka. In rana ta faɗi gona a huɗe, ka tafi da matarka da kajinta. In rana ta faɗi da sauran aiki, ko kunya ɗaya ce, Turai a nan za ta ci sabon gero, bayan kaka kuma mu ga ko akwai sauran aure."

"Baba, gayya kawai? Na ɗauka wani abu mai wuya za a ce. Wallahi gayyar da zan kawo maka, sai jikokinka sun ba nasu jikokin labari."

"Ni dai a huɗe."

Kwana uku Ɗantani na yawon gayyata. Uba, sarkin samarin Yako, ya yi masa alkawarin garma goma sha biyu. Abokansa na Dangora suka ce su shida za su zo. Dangin uwarsa na wajen Bebeji suka ce biyar. Ran Laraba da la'asar ya zauna a tsakar gida, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke. Yayarsa Kulu, wadda ke zuwa ta dafa masa abinci tun da Turai ta tafi, tana gefe tana tankaɗe.

Ya yi zane, ya goge, ya sake. Can sai ya miƙe zumbur.

"Allahu akbar! Yaya, ɗari uku da sittin!"

"Na me?"

"Mutanen gayya. Goma sha biyu sau shida, saba'in da biyu. Saba'in da biyu sau biyar, ɗari uku da sittin."

Kulu ta ajiye rariya, ta ƙirga a gaɓoɓin yatsunta.

"Ni ashirin da uku na samu."

"Wannan ƙidayar jahiliyya ce."

"To, sauran daga ina za su fito? Ko mutanen Yako za su auri na Dangora su haife su kafin Asabar?"

"Yaya, ba na jayayya da wanda bai taɓa riƙe alli ba."

"Ni na riƙe ka kana zawo. Ashirin da uku ne."

Washegari Alhamis ya tare Malam Abdussalami a bakin durumi, yana saukowa daga keke, 'yan aji na zaune suna jira.

"Allah gafarta malam, tambaya ɗaya. Goma sha biyu sau shida sau biyar?"

Malam ya ɗan kalli sama. "Ɗari uku da sittin."

"Jama'a, kun ji da kunnenku?"

"Daidai ne," in ji malam. "Amma tsaya. Goma sha biyun me? Shidan kuma na mene ne? Ai kafin a ce sau, sai an san..."

Ɗantani ya riga ya kai lungun mahauta, rigarsa na kaɗawa.

A gida ya tarar da Kulu. Ya ce malam ya sa hannu, a ɗora tukunya.

"To, hatsinka ne," in ji ta. "Mai huɗa malmala biyu yake ci. Nawa za a yi ke nan?"

Ɗantani ya sake share ƙasa. Wannan karon bai daɗe ba.

"Ɗari uku da sittin, ga kuma biyu. Ɗari uku da sittin da biyu."

"Ba za ka yi sau ɗin ba?"

"A tuwo? Haba Yaya. Sau lissafin maza ne, na garma da dawaki. Ba a kai shi madafi. Tuwo tara shi ake yi."

Kulu ta buɗe baki za ta ce in dai kowa biyu zai ci, ai sai an ninka. Sai ta tuna ita za ta tuƙa. Ta rufe bakinta.

A ranar aka buɗe rumbu. Dami goma sha huɗu ya rage wa Ɗantani, da su zai kai kaka. Kulu ta sa aka sauke goma sha ɗaya. Ta aro turame shida da duwatsun niƙa huɗu, ta tara matan unguwa, aka shiga sussuka da surfe. Yini biyu Yako ba ta ji komai ba sai lugude. Tukwanen biki na gidan mai unguwa suka fito, akussan gidan liman suka fito, kukar da ke unguwar ta ƙare har sai da aka aika Kiru. Duk matar da ta zo aro ko taya aiki sai ta tambaya biki ake ko suna, a ce mata gayya ce, ta mutum ɗari uku da sittin, sai ta koma gida da labari.

Ran Juma'a Ɗantani ya sa rigarsa ta Salla ya tafi masallacin Kiru. Bayan an idar bai bar kowa ya sa takalmi cikin natsuwa ba. Kafin la'asar labari ya kai Dangora cewa ƙarti ɗari uku da sittin za su sauko daga duwatsun Doguwa. A Bebeji aka ce daga Tudun Wada ne, kuma kowannensu da garma biyu yake huɗa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wani ya rantse ya gan su sun yada zango a bakin kogi suna gasa masara.

Uba sarkin samari ya tare shi a hanyar komawa.

"Malam Ɗantani, wai ɗari uku da sittin ɗin nan har da mu a ciki?"

"Ku ne ma tushensu."

Uba bai gane ba, amma ya ji daɗi. "To, da wannan taro, mu goma sha biyu me za mu ƙara?"

Ɗantani ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Uba, a cikin ɗari uku da sittin, ko ka zo da garma ko ba ka zo da ita ba, wa zai lura?"

Uba ya kai wa samarinsa wannan magana yadda ya ji ta. Daga Yako ta wuce Dangora, daga Dangora ta isa wajen Bebeji. Kowa ya yi nasa tunanin a ɗakinsa, kuma duk tunanin ya zo ɗaya. Masu garma ashirin da uku suka rataye garmunansu, suka ba da riguna wanki.

Shi ma Baba Inuwa labari ya same shi. Ya san surukinsa sarai, amma an ce masa malamin aji da bakinsa ya tabbatar a gaban mutane. Ya auna a ransa: mutum ɗari uku da sittin za su gama gonarsa kafin rana ta yi zafi, sauran yinin fa? Sai ya bi maƙwabtansa uku ya ce kada su wahalar da kansu, ragowar gayyarsa za ta huɗe musu. Ya kuma aika wa mai unguwarsu ya zo ya sa albarka.

Asabar ta waye garau, ba ko gajimare. Tun da hantsi matan Yako suka jero da akussa da ƙore a ka, layi guda, ta farko ta kai bakin rafi ta ƙarshe ba ta bar gari ba. Aka jibge tuwo a inuwar wata ƙatuwar ɗorawa, Kulu ta zauna gadinsa da muciya a hannu. Ɗantani na gaba da Ɗahiru makaɗin noma, wanda ya sake wa gangarsa fata musamman saboda ranar.

Sun tarar gona ta cika. Mutane a kan iyaka, mutane a kan gaɓar rafi, mutane a kan rassan ɗorawa. Mai ƙosai ta kafa kasko, mai rake ya jingina kayansa, wani wanzami ya shimfiɗa buzu har ya fara aski. Zuciyar Ɗantani ta yi fari tas.

"Ka gani, Ɗahiru? Lissafi ba ya ƙarya. Buga!"

Ɗahiru ya saɓa ganga ya saki kiɗan huɗa, irin wanda ke sa ƙato ya tuɓe riga ba shiri. Jama'a suka yi shewa. Kowa ya juya yana duban na kusa da shi. Ba wanda ya tuɓe riga. Ɗahiru ya ƙara zafi, ya yi kirari, ya kira sunan garma da na ubanta. Wani tsoho ya ɗan taka rawa, ya gaji, ya zauna.

"Malam Ɗantani," in ji Ɗahiru ƙasa-ƙasa, "wa nake yi wa kiɗan?"

Sai a sannan Ɗantani ya dubi hannuwan mutane. Ya ga sanduna, ya ga carbi, ya ga guntun rake. Garma ko ɗaya bai gani ba.

"Waɗannan 'yan kallo ne," ya ce. "Masu aikin suna tafe."

Ya hau kan wani suri ya kare ido da hannu yana duban hanya. Baba Inuwa na zaune a kan tabarma kusa da mai unguwa, maƙwabtan nan uku na bayansa. Tsohon sai duban rana yake yi.

Rana ta take tsaka, sai wani daga kan ɗorawa ya yi ihu: "Ga su nan! Ga mutanen Doguwa!"

Can kudu, bayan kalgo, wani abu mai yawa na motsi, fari-fari, yana tahowa. Ɗantani ya diro daga suri.

"Ɗahiru, tarye su! Jama'a, a ba su hanya!"

Maimakon a ba da hanya, jama'a suka kwasa a guje don su riga ganin ƙarti masu garma bibbiyu, kuma hanya mafi kusa ta cikin dawar Baba Inuwa ta bi. Ɗantani na gaba, Ɗahiru na binsa da kiɗa, mata na guɗa. Suka sha kwanar kalgo, suka yi kiciɓis da garken shanu. Shanun suka ji ganga da guɗa, suka ɗaga wutsiya suka watse, rabi suka faɗa rafi, rabi suka bi ta inda jama'a suka fito, suka ƙarasa abin da ƙafafun mutane suka rage na gefen gonar. Bafillacen da ke kiwonsu ya tsaya da sanda a kafaɗa, ya dubi Ɗantani daga hula har takalmi, ya faɗi wata magana da Fillanci. Ba wanda ya nemi a fassara.

Da aka dawo, Baba Inuwa ya yafito shi da yatsa ɗaya. Ɗantani ya durƙusa daga nesa.

"Ina mutanenka?"

"Baba, yanzu zan bincika."

Ya shiga taro yana nema. Ya sami Uba a wurin mai ƙosai cikin farar riga, da samarinsa goma sha ɗaya. Ya sami 'yan Dangora shida a layin aski. Ya sami dangin uwarsa biyar suna shan rake. Duk sun zo, ba wanda ya saɓa alkawari. To ina sauran? Ya tsaya ya yi tunani, sai abin ya faɗo masa: a kan allo ma, sai da malam ya gwara shida da bakwai kafin arba'in da biyu ta fito. Waɗannan kuwa kowa na gefensa, ba a haɗa su ba.

"Uba, jera mutanenka nan. 'Yan Dangora, ku tsaya can ku fuskance su. Yauwa. To, kowa ya gaisa da kowa."

"Ai mun gaisa da safe."

"Ku sake. Hannu da hannu, kada a tsallake kowa."

Suka bi juna suna musafaha, ana ina gajiya, ina ruwa, yaya iyali. Jama'a suka kewaye su ana kallo. Da aka gama Ɗantani ya ƙirga su. Goma sha takwas. Ya sa suka matso kusa sosai har kafaɗa na gugar kafaɗa, ya rufe ido, ya buɗe, ya sake ƙirgawa.

"Malam Ɗantani," in ji Uba, "in tsafi ne ka gaya mana, ni da alwalata."

Ana wannan, yunwa ta kai wa 'yan kallo. Tun safe suke tsaye, ga ƙamshin miyar kuka da man shanu na tasowa daga gindin ɗorawa. Wani dattijo ya matsa ya yi sallama.

"Tuwon 'yan gayya ne," in ji Kulu, ta ɗaga muciya.

"Baiwar Allah, mu ma gayyar ce ta kawo mu."

Kulu ta dubi gona, ta dubi ƙanenta yana tura 'yan Bebeji cikin 'yan Dangora, ta dubi tuwon da ta yi yini biyu tana fama da shi yana shirin yin tsami a banza. Ta ajiye muciya.

"Bismilla. Bibbiyu dai, kada a yi zari."

Kafin Ɗantani ya ankara, dami goma sha ɗaya sun shige cikin mutanen da ko ciyawa ɗaya ba su tsuge ba. Aka suɗe akussa, aka yi hamdala, aka yi wa mai gayya addu'a. Su Uba ma suka ci rabonsu, suka nemi inuwa.

Bayan la'asar mai unguwa ya sa aka kira Ɗantani tsakiyar fili. Maƙwabtan nan uku sun riga sun fara yi wa Baba Inuwa magana mai zafi a kan yinin da suka ɓata.

"Kai yaro," in ji mai unguwa, "wa ya ce maka mutum ɗari uku da sittin za su zo?"

"Ranka ya daɗe, lissafi ne. Kuma malamin aji ya tabbatar. Ga shi can ma."

Malam Abdussalami na bayan taro riƙe da kekensa. Shi ma labarin ƙartin Doguwa ne ya kawo shi. Aka buɗa masa ya shigo. Ɗantani ya share ƙasa ya zana masa komai: goma sha biyu na Yako, shida na Dangora, biyar na Bebeji. Malam ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya jingina keke a jikin wani yana salati.

"Wannan ce tambayar da ka yi mini ran Alhamis?"

"Ita ce. Ka ce daidai."

"Na ce goma sha biyun me, ka gudu! Malam Ɗantani, sau na abin da ke maimaita kansa ne, daidai wa daida. Da ƙauye uku ne kowanne ya turo goma sha biyu, sai ka ce uku sau goma sha biyu. Kai kuwa tuli uku gare ka, kowanne da girmansa. Zuba su ake yi wuri ɗaya. Ashirin da uku."

"Tun ran Laraba na faɗa," in ji Kulu daga gindin ɗorawa, "ban kuma taɓa alli ba."

"To, saba'in da biyun fa?" in ji Ɗantani. "Na haɗa su da hannuna, ba ta fito ba."

"Ta fito. Gaisuwa saba'in da biyu aka yi a gabanka. Gaisuwa kuwa ba ta huɗa."

Dariya ta tashi har wani ya faɗo daga kan ɗorawa. Ɗantani ya miƙe, ya zare fensir daga hula, ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, ku shaida! Ashe sau ne munafukin. Shi ya raba ni da kajina, shi ya cinye mini rumbu. Daga yau na sake shi, saki uku! Ni da tarawa har kabari."

"Sakinka ya dame ka," in ji Baba Inuwa. "Uba, ko za ku kama mini ko da rabi ne?"

Uba ya shafa cikinsa. "Baba, garmunanmu na Yako. Kafin mu je mu dawo an kira magariba."

Baba Inuwa ya dubi rana, ta yi ja ta sauka kan kalgo. Ya fara naɗe tabarmarsa. Ɗantani ya dubi gonar. Ya tuna ɗakin Turai a rufe, ya tuna dami uku, ya tuna Kulu ta ce daga yau ta gama yi masa girki.

Sai aka ji murya daga cikin mata.

"Baba, a ba ni izini in yi masa tambaya ɗaya."

Turai ce, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Tun safe tana nan tana taya raba ruwa, ba ta ko dubi inda yake ba.

"In ya amsa daidai, zan bi shi yau ɗin nan, gona kuma Allah ya kawo mai huɗe ta. In ya kuskure, ka yi yadda ka ga dama da shi."

Mai unguwa ya ce wannan adalci ne. Baba Inuwa ya saki tabarma. Ɗantani ya gyara hula, ya mayar da fensir, ƙarfinsa ya dawo.

"A yi tambaya. Ko daga Ikko aka aiko ta."

"Bara Mamman shi kaɗai ya huɗe gonar nan, lokacin na zo ganin gida, ni ke kai masa fura," in ji Turai. "Kullum kunya ashirin yake yi, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Kwana goma sha takwas ya yi ya gama. Kunya nawa ce a gonar?"

Malam Abdussalami ya yi tari. Kulu ta yi tari mai ƙarfi. Ɗahiru ya ɗan taɓa ganga sau biyu, ya sake taɓawa sau biyu, ya kuma sakewa. Ɗantani ya dube su ya yi murmushi. Ya gane tarko ne, so ake ya koma wa abin da ya saki yanzun nan a gaban shaidu. Ko ƙasa bai share ba.

"Ashirin, ga goma sha takwas. Talatin da takwas!"

Malam Abdussalami ya dafe kai da hannu biyu. "Kullum ashirin! Kullum! Ai nan ne wurin sau ɗin!"

"Nawa ke nan, malam?" in ji mai unguwa.

"Ɗari uku da sittin, ranka ya daɗe."

"Haka take," in ji Baba Inuwa. "Ni na ja ta da hannuna tun kafin a haife shi." Ya aika cikin gida aka ɗauko garmar Mamman, ya sa aka ajiye a gaban surukinsa. "Ka ce talatin da takwas, malam ya ce ɗari uku da sittin. Ni ban yi aji ba, ba zan raba muku gardama ba. Shiga ka ƙirga. Ran da ka kai ƙarshe ka zo ka gaya mini wanda ya yi gaskiya, sai mu yi maganar Turai."

Ɗantani ya tuɓe rigar Salla, ya rasa wanda zai miƙa wa, ya rataye ta a kan suri. Ɗahiru ya saɓa ganga ya bi bayansa da kiɗan da ya tanada wa mutum ɗari uku da sittin. Jama'a suka jeru a kan iyaka, ciki cike, suna kallo. Ya sunkuya, ya kafa garma, ya ja, ya ja, fensir ya faɗo daga hula ƙasa ta rufe shi. Da ya kai bakin rafi ya ɗago yana haki, taron gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya:

"Ɗaya!"